Sau Ɗaya Za Ka Danna

Mahaifina mai hoto ne. Ya fi shekara arba'in yana wannan sana'a a Dutse, kuma in ka shiga tsofaffin gidajen Yalwawa da Limawa, ko ka gangara Kiyawa, da wuya ka rasa aikinsa rataye a bangon wani ɗaki: ango cikin babbar rigar aro, jariri ranar suna yana tsala ihu, alhazai sun dawo suna washe haƙorin Makka. Kowa ya ɗauka. Har jakin wani mutum ya taɓa ɗauka, don mai jakin ya nace. Mutum ɗaya ce kawai bai taɓa ɗauka ba, ita ce matarsa, Inna, wadda ta haife ni.

Kyamarar Baba ba irin wadda yaran yanzu suka sani ba ce. Wani baƙin akwati ne mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya, kuma ba a kai ta fuska. Rataya ta ake yi a wuya ta sauko kan ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa. Idon sama na mai ɗauka ne, shi ke nuna masa abin da ke gabansa. Idon ƙasa shi ne mai aikin, shi ke kai haske kan fim. Fim ɗin faffaɗa ne, hoto goma sha biyu kacal yake ci, kowanne tsawonsa da faɗinsa ɗaya. Baba yakan ce wannan sunkuyawar ce ta buɗe masa ƙofar gidajen malamai, don mutum ne da ke ɗaukar mace hoto ba tare da ya kalli fuskarta ba. Inna kuwa ga yadda take faɗin nata: shekara arba'in yana rusuna wa matan mutane.

Mu 'ya'yansu mun taso da sanin cewa Inna ba ta son hoto. Ba mu taɓa tambayar dalili ba, don muna ganin dalilin a fili yake. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Limawa, sai muka ɗora abin a kansa, Allah ya jiƙansa. Akwai hotonta na fasfo da na katin zaɓe, amma waɗannan ta ce ba da ita aka yi ba, da gwamnati aka yi. Da waya ta zo, mun sha yi mata kwanton ɓauna. Kafin ka ɗaga hannu ta riga ta ɗaga faifai. Har yau wayata cike take da hotunan faifan Inna, wani da yatsunta huɗu a gefe, wani da ɗan kunne ɗaya.

Wayar ce dai ta kashe wa Baba kasuwa. Ya rufe shago, ya naɗe kyamarar a tsohon rawani ya sa a akwati, ya koma kula da 'yar gonarsa da zaman ƙofar gida.

Shekarar da ya fara tuntuɓe da butar alwala, ni na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya riƙe abin da ya rage, kuma ba wanda zai iya cewa har yaushe. Baba ya yi masa godiya kamar wanda aka yi wa albishir. Da na tambaye shi yaya yake gani, ya ce kaɗan ne, likitoci ne da son kambama abu. A mota, sai da muka wuce Gaya ya juyo gare ni.

"Uwata," ya ce. Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ina so in ɗauki uwarki hoto. Da kyamarata, ba da wannan abin shafe-shafen naku ba. In riƙe shi a hannuna in gani, tun ina iya gani."

Na ce to. Na juya ina kallon gonakin dawa ta taga, don kada ya ga fuskata, kuma a raina na ce wannan aiki sai an haɗa da addu'a.

Na zaci za a kai ruwa rana. Inna tana zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, Baba ya zo ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Hajiya, da za ki yarda, da na ɗauke ki hoto."

Ba ta ɗago ba. Ta fasa gyaɗa ɗaya, ta fasa ta biyu.

"Yau ka tuna?"

"Ai ba kya so."

"Wa ya ce maka?"

"Ke kika ce."

"Yaushe?"

Baba ya hau lissafi da yatsu. Inna ta taimaka masa. Ashe sati ɗaya da kawo ta gidan ya tambaye ta, ta rufe fuska da mayafi ta ce a'a. Shi kuma ya ce to, ya rataya kyamararsa ya fita, bai sake tayar da maganar ba.

"Wace amarya ce za ta ce e a tambayar farko?" in ji Inna. "Ni ina zaune ina jiran ta biyu, har na haifi shida."

"Na ɗauka saboda Malam ne."

"Malam da ka ɗauka har sau biyu, yana ce maka ka dakata ya gyara rawani?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce to mu da muke bin ki da waya fa, me muka yi? Ta ce wanda ya kamata ya fara bai fara ba, sai mu? Sannan ta share ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta gindaya sharaɗi.

"Sau ɗaya ka tambaye ni a shekara arba'in. To sau ɗaya za ka danna. In ya fita, ya fita. In bai fita ba, sai ka jira wata arba'in ɗin."

Duk wanda ya san Inna ya san ba wasa take yi ba, ko da tana murmushi.

Aka fito da kyamara daga rawani. Baba ya goge ta, ya ja, ya danna, ta yi ƙyas kamar jiya aka ajiye ta. Abu biyu ne babu. Na farko wani ɗan gilashi ruwan ɗorawa da ake sa wa idon ƙasa, wanda a hoto mai baƙi da fari yake fito da gajimare, ya kuma gyara fatar mutum. Wannan ya fashe tun tuni. Na biyu shi ne abin da Baba ke kira rumfa: wani ɗan ƙarfe baƙi, bakinsa mai kusurwa huɗu, gindinsa zagayayye, da ake maƙala wa idon don ya tare hasken rana da ke shigowa ta gefe. In babu rumfa, rana ta faɗo kan gilashin, hoto sai ya fito fari-fari kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Baba ya ce tasa ta faɗi daga babur a hanyar Kiyawa shekaru da yawa da suka wuce. Har sau biyu ya koma yana dube-dube a gefen titi. Tun daga nan hularsa yake ba wani ya riƙe masa a sama, ko faifai in a cikin gida ne.

Yana cikin kwatanta mini siffarta da yatsu, sai na gane abin da yake nufi. Na tashi na shiga madafa, na miƙa hannu bayan kwalaben Inna, na fito da mazurarin da muke ɗura kuka da busasshiyar kuɓewa da shi tun ina 'yar firamare. Na ɗora masa a tafin hannu.

Baba ya juya shi, ya shinshina, ya sake juyawa.

"Hajiya!"

"Na'am."

"Wannan fa?"

"Mazurarina ne."

"Rumfata ce! Har Kiyawa na koma nemanta!"

"To ni wa ya tambaye ni? A ƙarƙashin gado na tsince shi, ba ya aikin komai."

Da a ce yadda ta tsinta ta bar ta, da an wanke an mayar. Amma rumfar tana da wasu 'yan kunnuwa uku a gindi, su ne ke shiga bakin kyamara a juya kaɗan su kama. Inna ta ga suna kankare mata bakin kwalba, sai ta ɗora su a kan dutsen niƙa ta daddake su da taɓarya har suka kwanta. Baba ya gwada sau uku, tana faɗowa. Ya ajiye ta a gefe, ya ce ba komai, faifai ma ya isa. Ni zan riƙe masa a sama, shi ya danna.

A nan ne na shigo da ilimina. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma darasin haske shi ne wanda na fi ji da shi. Na zana wa ɗalibai madubi da gilashi a allo ya fi a ƙirga. In tsaya da faifai a kan hoton da aka jira shekara arba'in? Na ce wa Baba ya bar mini komai. Dama sai an nemo fim, don ko a Kano an daina ganinsa. Na samu wani mai sayar da tsofaffin kayan hoto a Legas ta waya, ya ce yana da fim, kuma in an ɗauka a aika masa ya wanke. Na ce ya haɗo da gilashi ruwan ɗorawa da rumfa.

Sai dai kayan yanzu ba masu kunne ba ne, masu murɗi ne kamar murfin kwalba. Saboda haka dole a sami zobe na haɗi, wanda gefensa ɗaya ke da kunnuwa ya kama kyamara, ɗaya gefen kuma a murɗa gilashi a kai. Zoben da ke gare shi bai yi daidai da faɗin gilashin ba, sai an ƙara wani zoben a tsakani. Ni kuma na ƙara da wani farin gilashi, wai don kare ido daga datti. Da ya turo mini hotunan rumfuna in zaɓa, na zaɓi wadda ta fi kowacce tsawo. A lissafina, tunda inuwa ake nema, wadda ta fi zurfi ta fi inuwa. Mutumin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa ni malamar kimiyya ce.

Ranar da kaya suka iso na haɗa su a gaban Baba ina ta bayani: zobe, zobe, gilashi, gilashi, rumfa. Idon ƙasa ya yi tsiri ya fito gaba kamar bakin buta. Baba ya karɓa, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa.

"Uwata, wannan rumfa ce ko rijiya?"

Na ce zamani ne, Baba.

"To, Malama. Amma kafin ki sa fim, ki yi na takarda."

Ya koya mini yadda suke yi a da, duk sanda aka sa wa ido wani sabon abu. A yago takarda daga littafin rubutu, a shafa mata man gyaɗa har haske ya riƙa ratsa ta. A buɗe bayan kyamara, a shimfiɗa takardar a daidai inda fim ke kwanciya. A buɗe idon ƙasa a riƙe shi a buɗe, a fuskanci farin bango da rana ke duka, a lulluɓe kai da zane, a duba kusurwa huɗu na takardar. In duk da haske, kaya sun yi. In sun yi duhu, wani abu ya yi tsawo, ya shiga gaban ido, sai a rage.

"Kada ki dogara da na sama," ya ce. "Na sama ba zai gaya miki ba, don ba shi ne ke sanye da kayan ba."

Ya miƙo mini kyamarar ya ce in tafi da ita gidana in yi a natse. Ya kamata a ce a nan na tsaya na yi tunani. Mutumin da ko Inna bai taɓa bari ta goge wa kyamarar nan ƙura ba, yau shi ke ba ni ita, a kan aikin da ba zai ɗauke shi minti biyar ba. Ni kuwa daɗi na ji, na ce Baba ya yarda da ilimina.

Ban yi na takarda ba. Ba mantuwa na yi ba, ƙi na yi. Ina da takardun jarrabawa tuli a gabana, kuma abin ya yi mini kama da camfin tsofaffi, mutum ya kawo man gyaɗa kusa da gilashi. Na fita tsakar gida, na buɗe murfin sama na leƙa. Ga bango, ga igiyar shanya, ga sama, kusurwa huɗu duk fes. Na sa fim na rufe. Washegari Baba ya ce, "Kin duba kusurwa?" Na ce, "Na duba, Baba, tas suke." A lokacin har ina gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tunda dai na duba.

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, gajimare fari tas yana yawo a kan duwatsun bayan gari. Matar da ba ta son hoto ta kwana uku tana shiri. Ta sa lalle, ta aika aka yi mata kitso duk da ɗankwali zai rufe, ta sa atamfa ta cire har sau uku kafin ta koma kan ta farko. Sannan ta shirya wurin da kanta, ba ta bar kowa ya sa hannu ba. Randar da aka kawo ta da ita ta sa aka gangaro da ita gefen hagu. Tunkiyarta aka ɗaure ta dama. Allon mahaifinta, wanda ya yi baƙi don tsufa, wanda ba ta bari ko jikoki su taɓa, ta fito da shi ta rataya a bango, sama da kafaɗarta can gefe.

"Wannan dole ya fito," ta ce. "Ko ni ban fito ba, shi ya fito."

"Hajiya, hotonki zan ɗauka ko na kayan gado?"

"Kai dai danna naka ne."

Ta zauna a kujera, ta ɗora hannu a gwiwa. Rana tana dukanta ta gefe, irin hasken da Baba ke so, irin wanda kuma ke bukatar rumfa. Na tsaya ina kallon bakin butata da alfahari. Baba ya rataya kyamara, ya buɗe murfi, ya sunkuya. Ya daɗe. Yana karkata ta hagu a hankali, ya dawo dama, ya ɗaga, ya sauke, kamar mai neman allura a tabarma. Ya fito da ɗan gilashin ƙara girma da ke cikin murfin, ya kai ido daf da shi, yana murza maɓallin saiti gaba da baya. Na ce a raina, ka ga gwanaye, ba sa gaggawa.

"Alhaji, rana za ta faɗi," in ji Inna. "In yi murmushi ne, ko in yi irin na fasfo?"

"Yi yadda kika ga dama." Bai ɗago ba. Can sai ya ce, kamar da kyamarar yake magana, "Ashe duk miyar kukar da na sha a gidan nan, ta cikin kayan aikina ta biyo. Shi ya sa take fitowa da kyau."

Inna ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa. Ta tuntsire da dariya, kanta ya ɗan karkata, hannu ɗaya ya taso zai rufe baki bai kai ba. Ƙyas.

Ta miƙe ta kakkaɓe zane. Baba ya ce saura goma sha ɗaya, ko za a ƙara ɗaya saboda tsaro. Ta ce ta ji ƙarar da kunnenta, an gama. Ta cire allon ta shige ɗaki. Sauran fim ɗin a kan jikoki ya ƙare, da tunkiya, da ni ina tsaye na riƙe ƙugu.

Sati biyar fim ya yi tsakanin tafiya da dawowa. Kullum na shigo gaishe su, kafin in gama durƙusawa Baba zai ce, "Mutumin Legas fa?" A cikin satuttukan nan na ga ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska. Na ga maƙwabci ya miƙo masa hannu daga gefe, bai san an miƙo ba, har mutumin ya janye. Tsoro ya kama ni sosai. Ba na tsoron hoton ya lalace, wannan ko a mafarki ban kawo ba. Tsorona kada ya iso a makare.

Ranar da direba ya kira ni na je tasha na karɓi ambulan, ban iya jira na isa gida ba, a cikin adaidaita na buɗe. Na farko da na zaro na jikoki ne. Suna tsakiya suna dariya, amma an zagaye su da baƙi, kusurwa huɗu duk duhu, kamar ta cikin bututu aka leƙa su. Na zaro na biyu, haka. Na uku, haka. Na nemo na Inna, wanda na ce a yi shi babba.

Ban taɓa ganin mahaifiyata da kyau irin na wannan takarda ba. Kowane zare na ɗankwalinta ya fito, da lallen yatsunta, da 'yar wushiryarta, da wani guntun gajimare daidai saman kanta. Amma randa babu. Tunkiya saura kunne ɗaya da rabin wuya. Inda allon Malam yake kuwa, baƙi ne wuluk.

Ba sai an gaya mini ba. Ni ce na zana wa ɗalibai yadda haske ke shiga ta gefe. Zobe biyu, gilashi biyu, da doguwar rumfa, sun taru sun tsaya a gaban ido sun tare gefe-gefen. Na ce wa mai adaidaita ya wuce layinmu, ya zagaya ta Limawa ya dawo. A wannan zagayen na yi tunanin in sa almakashi in rage gefen, na yi tunanin in ce mutumin Legas ne ya ƙona shi wurin wanki. Da muka dawo ƙofar gida duk na watsar, na shiga da sallama a sanyaye.

Suna zaune a tsakar gida yadda suka saba, Baba a kujerarsa, Inna a tabarma ta gefen damansa, ɗan baya kaɗan, inda take zama tun da na yi wayo. Ita ta fara fizge ambulan ɗin.

"Iko sai Allah," ta ce. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. Na ga bakinta yana so ya yi murmushi, sai idonta ya kai gefe. "Ina allon Malam? Ina randata? Ke, wannan ai a rijiya kuka jefa ni! Kwana uku ina shiri, ashe kunnen tunkiya za a ɗauka?"

"Ba ni nan," in ji Baba.

Ya tashi ya koma inda rana take, ya riƙe hoton da hannu biyu, ya miƙa shi gaba, ya matso da shi kaɗan, ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ina jiran ya juyo ya ce Malama, ina takardar da na ce ki shafa wa mai?

"Madalla," ya ce a hankali. "Ya fita tas. Kin ga dariyar? Ba abin da ya rage."

"Tas?" in ji Inna. "Alhaji, duk wannan duhun ba ka gani ba?"

"Wane duhu?"

Ni da Inna muka kalli juna. Tunkiya ta yi kuka daga turke. Na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, cewa ban yi na takarda ba, ta sama na leƙa, kuma rumfar ta cinye kusurwa. Ina faɗa ina kuka, mace da 'ya'yanta uku.

Ya bi gefen hoton da babban yatsa, kamar zai ji duhun a fata.

"Duk huɗun?"

"Duka, Baba."

Ya yi 'yar dariya. "Malamar haske ke nan." Sannan ya koma ya zauna, hoton yana kan gwiwarsa. "Uwata, kina tsammani don me na ba ki aikin takardar? Ni kusurwa ta daɗe da bari na. Tun bara abin da ke tsakiya kawai nake gani, sauran sai na juya kai na nemo. Ranar ma allon sai da na yi ta lalube kafin na san inda yake." Ya sake ɗaga hoton. "To ni haka nake ganinta kullum, in na dace ta shigo tsakiya. Kin ɗauko mini daidai idona. Allon ne dai na ji ba daɗi, Hajiya, ki yi haƙuri."

Inna ta bar maganar allo. Ta kalli hoton da ke hannunsa, ta kalli tabarmar da take kai, ta kalli gefen fuskarsa. Muryarta ta sauka ƙasa sosai.

"In sake zama?"

Baba ya gyara hula. "Wane ango ne zai ce e a tambayar farko?"

Ta yi dariya, ta kai bakin mayafi ta share ido, ta ce masa Allah ya shirye shi. Ita ba ta jira shekara arba'in ba. Washegari da safe ta sake tambaya, ya ce e. Na aika a kawo wani fim, na cire zobba da rumfa na zuba a jaka, na tanadi faifai, har na yi na takarda sau biyu ba wanda ya sa ni. Amma kafin fim ya iso, Baba ya leƙa ta saman kyamarar ya murza saiti gaba da baya, ya ce ba ya iya rabe inda ya kama da inda bai kama ba. Na ce in saita masa shi ya danna. Ya ce a'a, wanda ya yi da idonsa yana nan, ya isa. Fim ɗin yana cikin firjina har yau, kusa da kwalbar man shanu. Tsohuwar rumfa ta koma aikin kuka.

Hoton yana rataye a ɗakinsa, daidai tsayin fuskarsa in yana zaune a bakin gado. Baƙi in sun gani sukan ce salon da ne, sai in bar su a haka.

Abin da ya sauya a gidan ɗaya ne. Tun daga ranar da hoton ya iso, Inna ta janye tabarmarta daga gefen damansa. Ta kai ta gabansa sak, taku uku daga kujerarsa, a nan take ɓare gyaɗarta, a nan take tsince shinkafa, a nan take yi masa faɗa. Da na tambaye ta, ta ce in rabu da ita, wurin ya fi inuwa ne. Wurin babu inuwa ko kaɗan, rana ce ke dukansa tun daga hantsi har la'asar.